Awon tsaka mai zanko a Birnin Kebbi: abin da sikeli ya nuna daga kaka zuwa kaka

14 ga Oktoba, 2023

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta nauyin dabbobi uku da wani abokin aikina ya bar mini amana kafin ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje, kuma niyyata ita ce in auna su kowace Asabar bayan sallar isha'i har shekara ta zagayo. Aikina duba lafiyar dabbobi ne, na saba da shanu da tumaki da kaji, amma ban taɓa ɗaukar nauyin kula da halittar da babbarta ba ta kai nauyin ƙwan kaza ba. A kan saniya, ido kaɗai yakan gaya wa mutum cewa ta rame. A kan waɗannan kuwa, kafin ido ya gane rama abin ya riga ya yi nisa, shi ya sa na sayi ƙaramin sikelin lantarki irin wanda masu cinikin zinariya suke amfani da shi, wanda yake nuna har kashi ɗaya cikin goma na giram.

Tsaka ce, amma ba irin ta bangon ɗakunanmu ba. Masana suna kiranta Correlophus ciliatus, ni kuwa ina ce mata tsaka mai zanko, saboda jerin ƙananan tsinkayen fata da suka taso daga saman idanunta kamar gira, suka bi gefen kai suka gangara baya. Asalinta Sabuwar Kaledoniya, wasu tsibirai da ke ƙarƙashin Faransa a tekun Fasifik, gabas da Ostireliya. Wani masani Bafaranshe, Alphonse Guichenot, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1866, daga baya aka daɗe ana zaton ta ƙare a duniya, sai a 1994 aka sake ganinta. Waɗanda ake kiwo a gidaje yanzu haihuwar gida ce, domin an hana fitar da na daji daga ƙasar. Dabbar dare ce mai zama kan bishiya a daji mai laima, abincinta ƙwari da 'ya'yan itace nunannu, kuma yanayin da ya fi yi mata daɗi shi ne zafin digiri 22 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya haura 29 ya daɗe, rayuwarta tana cikin haɗari. Duk wanda ya san bazarar Kebbi ya san abin da wannan lissafi yake nufi a gare ni.

Awon yau: Kyalla, mace baliga, giram 46.2. Guntu, namiji baligi wanda wutsiyarsa ta cire tun kafin ya zo hannuna, 38.4. Wutsiyar wannan jinsi ba ta sake tsirowa kamar ta tsakarmu, saboda haka nauyinsa zai ci gaba da zama ƙasa da na tsaransa masu wutsiya. Auta, ƙarami wanda bai kai shekara ba, 11.3. Kowanne akwatinsa daban. Zafin ɗaki da rana 28, da asuba 24.

Inna ta leƙo tana kallona ina sa Kyalla a cikin kofin roba a kan sikeli, ta ce, "Kai ɗiyan nan, mi kaka yi da wanga abu cikin gida? Kada dai ta kusanci kwanon abinci." Na ce mata, "Inna, amana ce, kuma ba za su fita daga ɗakina ba." Tsoronta na cewa tsaka tana sa kuturta tsohon zance ne da muka tashi muka tarar, alhali kuturta ƙwayar cuta ce da ba ta da alaƙa da tsaka. Abin da yake gaskiya shi ne dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa mutum gudawa, don haka na kafa doka cewa duk wanda ya taɓa su ko kayansu sai ya wanke hannu da sabulu.

18 ga Nuwamba, 2023

Makonni biyar ke nan, kuma abubuwa suna tafiya daidai. Kyalla 47.0, Guntu 38.9, Auta 12.8.

Babban abincinsu garin da ake haɗawa musamman dominsu ne, wanda mai su ya bar mini leda biyu na kamfanin Pangea. Ana dama shi da ruwa, kashi ɗaya na gari da kusan kashi biyu na ruwa, har ya yi kaurin koko. Ina zuba wa manyan a marfin kwalba sau uku a mako, Auta kuma kusan kullum, in ɗauke abin da ya rage washegari da dare. Da farko na riƙa zaton ba sa ci, domin da safe sai in ga marfin kamar ba a taɓa ba, har sai da na koyi shafa abincin siriri yadda sawun harshensu zai fito a kai. Cikinsu ƙarami ne ƙwarai, kuma shaidar da ta fi ƙarfi ita ce kashin da nake tararwa a kan ganye, baƙi mai ɗan farin ɗigo a baki ɗaya.

Na fara kiwon gyare a cikin bokiti mai kiret ɗin ƙwai da dusa da yankan karas. Ɗan 'yar'uwata ya kawo mini fara cike da gwangwani daga fadama, yana murna, ya ce, "Kawu, ga abincin baƙinka." Na yi masa godiya amma ban ba su ba, domin gonakin shinkafa da na kayan lambu a nan ana yi musu feshin maganin ƙwari, kuma abin da ba zai yi wa kaza komai ba yana iya kashe dabba mai giram goma sha biyu.

16 ga Disamba, 2023

Hunturu ya shigo sosai, hazo ya rufe gari, kuma ma'aunin zafi ya nuna 18 a ɗaki da asubahin jiya. Danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari da rana, alhali abin da suke buƙata tsakanin 50 ne da 70. Nauyi ya fara sauka: Kyalla 45.8, Guntu 37.9, Auta 13.0, wato kusan ya tsaya cik.

Dole in rubuta kuskuren da na yi a makonni biyun nan, domin shi ne abin da ya fi koya mini wani abu tun da na fara. Da na ga lamba tana sauka sai hankalina ya tashi, na yi abin da zan yi wa ɗan tinkiya da ya ƙi nono, wato na matsa musu da abinci. Na cuɗa ayaba da zuma ina shafa wa Kyalla a baki tana lashewa, na kuma ba Guntu manyan gyare huɗu a dare mai sanyi. Bayan kwana biyu na tarar ya amayo biyu daga cikinsu, ba su ko fara narkewa ba. Laifina ne ba nasa ba. Jikin waɗannan dabbobi ba ya samar da ɗumi da kansa, zafin wurin da suke shi ne zafin jikinsu, kuma idan wuri ya yi sanyi narkewar abinci takan yi jinkiri, buƙatar abincin ma takan ragu. A ƙasarsu ta asali ma akwai lokacin sanyi, sai dai yakan faɗo ne a watannin Yuni zuwa Agusta saboda suna kudancin duniya, kuma masu kiwo sun daɗe da sanin cewa ci yakan ja baya a irin wannan lokaci. Dabbar da ta rage ci saboda jikinta ya rage aiki ba mai ciwo ba ce. Ni ne na karanta lambar ba tare da na dubi ma'aunin zafin da ke rataye kusa da ita ba.

Na daina ba da abinci da hannu, na daina zuma gaba ɗaya, na kuma dakatar da gyare sai daren da zafin ɗaki ya kai 22. Ayaba ma na rage ta sosai, domin a giram ɗari nata kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, bai wuce miligiram 5 ba, fosfaras kuwa ya kai 22, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosfaras a abincinsu. Gwanda ta fi ta dacewa ta wannan fuska, kuma ita nake ɗan ba su sau ɗaya a mako biyu domin sauyin baki.

6 ga Janairu, 2024

Wani kuskuren ya biyo bayan na farko. Na rataya ƙwan fitila mai ɗumi a saman akwatin Auta domin in kore sanyin asuba, ya kuwa ɗumama shi, amma ya busar da ɗan danshin da ya rage. Daren Laraba Auta ya yi saɓa, kuma maimakon ya cire tsohuwar fatar gaba ɗaya ya cinye ta kamar yadda suke yi, sai ta maƙale masa a yatsun ƙafar baya da ƙarshen wutsiya. Na gane ne da na ga yana zamewa daga jikin gilashi, shi da yake hawa kamar an manna shi.

Na sa shi a ƙaramin mazubin roba mai huda, na shimfiɗa takarda mai laushi da na jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi, na rufe na kusan minti goma sha biyar ina zaune a gabansa. Da na buɗe, fatar ta yi laushi ta koma kamar jiƙaƙƙen ɓawon albasa. Na ɗora shi a bayan hannuna, na riƙa murza audugar kunne a hankali daga tushen yatsa zuwa baki, yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ja da ƙafar yana mayarwa. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai jerin siraran layuka da yake mannewa da su, kuma da zarar fatar ta fita sai na ji ƙafar ta kama fatar hannuna. Ya tsaya ya fito da harshe ya lashe idonsa na dama, sannan na hagu, domin ba su da fatar ido da za su ƙifta. Da na bar saɓar nan ta bushe a yatsun, da ta ɗaure su ta hana jini gudu, har yatsa ya iya mutuwa ya faɗi.

Na cire fitilar. Yanzu da dare ina lulluɓe gefe uku na akwatunan da tsohon bargo, ina kuma yin feshi sau uku a yini da robar feshi irin ta masu aski, mafi yawa da magariba. Ruwan burtsatse yana barin farin tabo a gilashi, don haka na koma ruwan leda. Kyalla 44.9, Guntu 37.3, Auta 13.1.

17 ga Fabrairu, 2024

Mafi ƙarancin nauyin da na rubuta a hunturu ya zo ne ranar 20 ga Janairu: Kyalla 44.1, Guntu 36.9. Wato cikin wata biyu ita ta rasa kusan giram uku, shi kuma giram biyu, a hankali, ba tare da ƙashin ƙugu ya fito ko ido ya faɗa ba. Yau sanyi ya fara sakin gari, kuma marfin abinci ya fara dawowa a lashe. Kyalla 44.8, Guntu 37.2, Auta 13.9. Garin abinci ya kusa ƙarewa, na aika a sayo mini wani daga Legas, kuma faɗuwar darajar naira ta sa kuɗinsa ya yi tsada fiye da yadda mai su ya gaya mini.

23 ga Maris, 2024

Muna cikin azumi, zafi kuma yana ƙaruwa kowace rana. Makon jiya Kyalla ta kai 48.9, nauyin da ba ta taɓa kaiwa ba a hannuna, kuma da ban yi hattara ba da na rubuta cewa ta murmure. Amma cinta bai ƙaru ba, a kwanakin ƙarshe ma ta ƙi abinci, tana sauka ƙasan akwati da dare tana tono. Da na ɗora ta a kan gilashi na duba cikinta ta ƙasa, sai na ga kumburi biyu a gefe da gefe. Na sa mata mazubi mai jiƙaƙƙiyar ƙasa mai laushi, zurfin kamar tsawon yatsa, ranar Alhamis da safe kuma na tono ƙwai biyu farare masu taushin ɓawo. Ba ta taɓa haɗuwa da Guntu ba tun zuwansu, kuma da na haska ƙwan da tocilan ban ga jan zoben da ke nuna ɗa a ciki ba. Macen wannan jinsi takan yi ƙwai ko babu namiji, biyu a lokaci guda, kuma tana iya maimaitawa bayan kwana talatin zuwa arba'in da biyar muddin yanayi yana da ɗumi.

Yau nauyinta 45.2. Giram uku da ɗoriya da suka tafi a dare ɗaya na ƙwai ne, ba na jikinta ba. Abin da ya dame ni shi ne kalsiyam, domin ɓawon ƙwai daga jikinta yake fita, kuma mace da ta yi ta zuba ƙwai ba tare da isasshen kalsiyam da bitamin D3 ba takan kamu da ciwon laushin ƙashi, muƙamuƙi ya yi taushi, wutsiya ta karkace, jiki ya riƙa rawa. Suna da wasu jakunkuna biyu a saman bakinsu ta ciki inda suke ajiye kalsiyam. Na shafa gefen bakinta a hankali har ta buɗe, na ga su farare amma ba su cika ba. Daga yau duk gyaren da za ta ci sai na barbaɗe shi da garin kalsiyam.

Zafin ɗakina da la'asar ya kai 31. Wannan ɗaki mai rufin kwano ba zai riƙe su zuwa Afrilu ba.

6 ga Afrilu, 2024

Wannan shi ne mako mafi tsanani tun da na karɓi amanar nan. Ranar Talata wuta ta ɗauke tun safe, batirin da ke juya fanka ya mutu da azahar, ni kuma ina wani ƙauye wajen allurar shanu. Da na dawo bayan la'asar na tarar ma'aunin ɗaki yana nuna 36. Guntu yana kwance a ƙasan akwati, abin da ba ya yi da rana, bakinsa a ɗan buɗe, fatar gefen cikinsa ta yi tamoji, kuma da na ɗaga shi ƙafafunsa ba su kama hannuna ba. Ban zuba masa ruwan ƙanƙara ba, domin sauya zafi farat ɗaya wata illa ce daban. Na fesa musu ruwan randa, na mayar da su ƙananan mazubai masu jiƙaƙƙiyar takarda, na ajiye a ƙasan siminti, na riƙa ɗiga wa Guntu ruwa a kan hanci da sirinji yana lashewa, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, har aka kira magariba ban sani ba sai da uwargida ta miƙo mini dabino.

A daren na auna su ko da yake ba Asabar ba ce. Guntu ya sauka daga 37.8 zuwa 34.9 cikin kwana uku, Kyalla daga 45.0 zuwa 42.6, Auta daga 15.2 zuwa 14.1. Idan aka dubi lamba kaɗai, abin da Guntu ya rasa bai fi na hunturu da yawa ba. Amma na hunturu wata biyu ya ɗauka, dabba tana hawa tana sauka da idonta garau, wannan kuwa kwana uku ne, kuma ruwan jiki ne ya fita, ba kitse ba. Na ga masu kiwo da yawa suna cewa a fara damuwa idan asarar ta kai kashi goma cikin ɗari, kuma ban ƙi wannan ba, sai dai a yanayinmu saurin saukar ya fi yawanta muhimmanci. Da na tsaya jiran kashi goma, da yanzu wani labari nake rubutawa.

Inna ce ta kawo mafita. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon yadda nake ɗiga ruwan, sannan ta ce in kai su tsohon ɗakin ƙasa na bayan gida inda take ajiye randunanta, tunda ko da tsakar rana mutum yakan ji sanyi a ciki. Ita da ta ce kada su kusanci kwanon abinci. Na ce, "Inna, kin yarda?" Ta ce rai ne, kuma wanda ya karɓi amana ba ya barinta ta mutu a hannunsa.

Katangar ɗakin mai kauri ce, rufinsa na azara da ƙasa, kuma da azahar ma'auni bai wuce 31 ba a ciki. Wannan bai isa ba, sai na tuna da dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan lambu, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Na samo manyan randuna uku da wasu ƙanana da za su shiga cikinsu, na cika tsakaninsu da yashi, na jiƙa yashin, na sa mazubin kowace dabba a cikin ta ciki, na rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara yadda iska za ta shiga. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randar waje yana bushewa yana tafiya da zafi, kuma da yake iskar wannan lokaci busasshiya ce ƙwarai, dabarar tana aiki da kyau. Jiya da ƙarfe uku na rana, a waje ana ƙuna, cikin randa 26 ne. Da dare nakan fito da su in mayar akwatunansu, waɗanda su ma na kwaso zuwa ɗakin.

Awon yau: Guntu 36.1, Kyalla 43.7, Auta 14.7. Dawowar nauyin cikin kwana huɗu ba tare da sun ci wani abin kirki ba ta tabbatar mini cewa ruwa ne suka rasa.

18 ga Mayu, 2024

Na yi zaton na gama da matsalar zafi, ashe da sauran aiki. Tun farkon wannan wata iska ta juya, hadari yana taruwa yana watsewa, gari ya yi gumi, kuma randa ta rage sanyi, domin ruwa ba ya bushewa da sauri a iska mai laima. Inda nake samun 26 yanzu 28 nake samu, wani lokaci 29. Na ƙara da gorar ruwa mai ƙanƙara da nake naɗewa a tsumma in jingina a jikin randar ciki daga azahar zuwa la'asar, ba tare da ta taɓa mazubin ba, na kuma sa ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana tana hura jikin randunan.

Abincin da aka dama yana tsami cikin sa'o'i kaɗan a wannan zafi, don haka ina zuba shi da ƙarfe goma na dare in ɗauke da asuba, kuma ina dama shi ruwa-ruwa fiye da da, domin su sami ruwa ta nan ma. Cinsu kaɗan ne, kuma wannan karon ban matsa musu ba. Mangwaro ya cika kasuwa, nakan murje ɗan yanki nunanne in gauraya da garin sau ɗaya a mako, Auta ya fi kowa sonsa. Lemo da danginsa ba na ba su. Kyalla ta sake yin ƙwai biyu ranar 2 ga wata, ɗaya ɓawonsa bai yi fari sosai ba, abin da ya sa na ƙara kula da kalsiyam ɗinta. Kyalla 42.9, Guntu 36.4, Auta 15.6.

29 ga Yuni, 2024

Damina ta kankama, kuma tun bayan babbar sallah na daina amfani da randuna. Ɗakin ƙasa yana tsakanin 25 da 27, danshi ya haura kashi 70 ba tare da feshi ba, har na rage feshin zuwa sau ɗaya domin kada akwatuna su yi fumfuna. Wannan ne karo na farko da yanayin Kebbi ya yi kama da na ƙasarsu, kuma jikinsu ya nuna. Da dare launinsu yakan yi duhu ya fito sosai, Guntu yana tsalle daga reshe zuwa reshe, marfin abinci kuma yana wayar gari a share. Auta ya kai 18.9, ƙarin fiye da giram uku cikin makonni shida, abin da bai yi ba a dukan watannin hunturu. Kyalla 44.8, Guntu 37.9. Shinge ya fito bayan ruwan farko, yara suna ta kamawa a gindin fitila, amma na tsaya a kan gyaren bokitina.

24 ga Agusta, 2024

Yanzu damuwar ta juya. Guntu ya kai 41.6, kuma na ga naɗin kitse a gefen wuyansa da bayan hammatarsa. Namiji marar wutsiya mai tsawonsa ba ya buƙatar wannan nauyi, kuma ƙiba a jikinsu tana taɓa hanta kamar yadda take yi wa kajin da aka cika wa abinci. Ina ganin tsoron da na sha a bazara ne ya sa hannuna ya yi nauyi wajen zuba masa. Na mayar da shi abinci sau biyu a mako, gyare sau ɗaya a kwana goma. Kyalla kuwa, wadda ta yi ƙwai sau huɗu a bana, ban rage mata komai ba, tana 46.5, jakunkunan kalsiyam ɗinta sun cika fiye da yadda na gan su a Maris. Auta 23.4, kuma kumburin da ya fito a gindin wutsiyarsa ya nuna namiji ne, don haka ba zai taɓa zama akwati ɗaya da Guntu ba, domin mazansu faɗa suke yi.

12 ga Oktoba, 2024

Ruwa ya ɗauke, ana girbin gero, zafin kaka ya ɗan taso, ɗakin ƙasa ya kai 28 da la'asar. Kyalla 47.3, kuma ba ta yi ƙwai ba tun farkon Satumba. Guntu 39.5. Auta 26.8, ya yi wa akwatinsa girma, na ba kafinta awon sabo mai tsayi, da raga a sama da gefe ɗaya. Mai su ya rubuto cewa karatunsa zai ƙara shekara guda, saboda haka awon Asabar zai ci gaba. Na raba shafin sabon littafin gida huɗu: nauyi, zafin asuba, zafin la'asar, da abin da aka ci. Na wanke randunan na kife su a kusurwar ɗakin, na kuma roƙi Inna ta ajiye mini tsohon bargon nan, domin zuwa ƙarshen Nuwamba za a sake buƙatarsa.